Zumar da Nurlan Ya Kawo

Daren Laraba, cikin Rajab, unguwar Bani Harisa

Kwalbar zuma ta hana ni barci. Bayan la'asar Nurlan, ɗalibina ɗan Asiya ta Tsakiya, ya biyo ni har bakin mota ya miƙo min ita, wai daga garinsu aka aiko. Jibi kuma ni zan saurari haddarsa a jarrabawa.

Na ce, "Nurlan, wannan fa ta mece ce?"

Har mamaki ya yi. Ya ce, "Ya Shaikh, a wajenmu ba a zuwa gaban likita ko malami hannu rabbana. Da mulkin gurguzu ya rushe, albashi ya daina zuwa. Manajan masaƙar da babana ke aiki ya kwana ma'aikaci ya tashi mai ita, ba wanda ya ce masa don me. Tun daga nan kowa ke cin abin da ya zo teburinsa."

To ai da bakinsa ya faɗi sunanta: cin hanci. Ko kuwa yaron bai san wata hanyar girmama malami ba? Amma tun farkon zango yake ajina, bai tuna da zuma ba sai makon nan.

Na ajiye ta kan firji don in mayar masa gobe. Na dawo daga Isha, na tarar maiɗakina ta shafa wa yara a burodi. Ta ce, "Hadiyya ce, kyauta, shi ke nan, kai ma ɗanɗana."

Ban ɗanɗana ba. Amma jibi in Nurlan ya tsallake aya, ban san ko kunnena zai ji ba.