Fararen Ɗigo a Shuɗin Yadi

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki? Yara suna gaida kawunsu. Tunda ka mayar da kirana abin gudu, ga takarda, ita ba ta ƙara balle ka kashe.

Na san labari ya iso har ɗakinku na gwajin auduga. Shuɗin yadin da masaƙa ta rina ya fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri. Masu saye sun dawo da shi, manaja kuma ya ɗora laifin a kan Baban yara, tunda shi ne shugaban sashen rini. Ranar Litinin za a zauna a kansa, kujerarsa ce ke rawa.

Na tsare shi sai da ya yi mini bayani. Silin audugar da bai ƙosa ba ba ya shan rini, ko kwana za a yi ana dafa shi. To aikin wa ne ya gane ta ƙosa kafin dilar auduga ta bar wurinku? Ya ce injin iskan nan naku na gwada auduga yana ruɗewa, ɗanyen sili mai kauri yakan ba shi lamba ɗaya da siriri ƙosasshe. Shi ya sa ake jiƙa sili da ruwan soda a duba a madubi mai ƙara girma: ƙosasshe ya kumbura ya miƙe, ɗanye ya kanannaɗe.

Ban yi karatun auduga ba, amma kunnena ƙalau yake. A falona, bakinka cike da abincina, ka ce madubin yana sa ka ciwon kai, ka daina wahalar da kanka, lambar inji ta ishe ka. Har da dariyarka. Shi ma ya ji, amma ya rantse ba zai ambaci ƙanin matarsa ba. Mutumin da ya kama hannunka ya kai ka aikin nan, shi ka bari a rana. Ku duka biyun haushinku nake ji, shi da kawaicinsa, kai da kurumtarka.

Ka zo kafin Litinin ka faɗa da bakinka.

Yayarka.

Auta,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin da aka ce ya hana ka zuwa ya sauka. Mai saurin warkewa ne, tunda an gan ka a filin ƙwallo washegari.

Saƙonka ya iso ta bakin Mama, wai in yi haƙuri, kai yaro ne. Yaro mai gemu, mai neman aure.

An sauke Baban yara. An mayar da shi tsaron ɗakin ajiya, wanda ya koya wa aiki ne ya hau kujerarsa. Bai ambace ka ba har aka tashi daga zaman. Tun da na aure shi ban taɓa ganin faratansa ba shuɗi ba, kullum ina yi masa tsiya a kai. Ranar Laraba ya miƙo hannu karɓar ruwa, na gan su fes. Kicin na shige, raina yana tafasa.

Jiya na je masaƙa na ga manaja. Ashe kowace dila ana ajiye ɗan samfurinta. Za a ɗauko na audugar nan a duba a madubi, kuma za a kira ka ka tsaya a wurin.

Baban yara bai yi mini magana ba tun daren jiya. Mama ta yi kuka, ta ce na tona asirin cikinmu. Ni ma na yi nawa kukan, don ni na goye ka, kuma ban daina son ka ba. Amma ban yi nadama ba.

Za ka fara zargin abokan aikinka ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ɗauki alhakin kowa. Ni na faɗi sunanka.

Ka huta lafiya.

Yayarka.