Mai Zanen Mamata na Narayi

Narayi, Kaduna
3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina lafiya, ke da mutanen Zonkwa baki ɗaya. Ki lura cewa da hannuna na rubuta wannan wasiƙa, ni Gideon, bayan wata takwas a ajin manya na coci. Ba wanda ya riƙe mini biro.

Bayan haka, ina da koke. Kin san shekara goma sha tara ke nan ina zana mamata domin ranar jana'iza, kuma duk kudancin kogi babu na biyuna. Ni ba kwafar hoto nake yi ba. Sai na zaunar da dangi na tambaye su abin da ke ba marigayi dariya, sannan in fara zane daga baki. Ido nake bari ƙarshe, shi kuwa ƙirƙira nake yi, domin ban taɓa ganinsa yana motsi ba.

Bara na zana maƙwabcina Baba Emma da ransa, yana shan rake a ƙofar shagona. Bayan mako biyu ya rasu. Tun daga nan mata ke rufe fuska da gyale idan za su wuce ni, suna cewa duk wanda na zana ya tafi. Hoton mamaci kaɗai ake kawo mini. Ina roƙonki ki zo ki zauna mini in zana ki, jama'a su ga kin ci gaba da yawonki lafiya.

Ƙanenki mai biyayya,
Gideon Bitrus, Mai Zane

*

Zonkwa
20 ga Maris

Gideon,

Muna lafiya. Na ga rubutu, kamar kaza ta taka tawada, amma na karanta. Wato duk Kaduna ni ka ga ta gwaji? Ka zana matarka mana! Ba na zuwa, ana shirin shukar citta. Ka gai da yara.

Saratu

*

Zonkwa
9 ga Yuni

Auta,

Yaya gida? Na sake shawara. Ina tafe ran Asabar ta sama da atamfata mai ruwan goro. Kada ka ƙara mini girman hanci.

Yayarka

*

Narayi, Kaduna
12 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Saratu,

Gaisuwa da ban girma. Da na ga wasiƙarki na je kasuwa na sayo sabon yadi da fenti kala shida, na kuma sanar da dukan layinmu cewa mai rai na zuwa.

Amma jiya ɗiyarki Martha ta kira ni tana kuka. Ta gaya mini abin da likita ya gani a cikinki, da kuma watannin da ya ce sun rage. Yaya, me ya sa kika ɓoye mini?

Na zauna na yi tunani mai zurfi. Idan na zana ki, abin da ake faɗa a kaina ya tabbata ke nan, ba zan ƙara samun mai rai ba har in mutu. Idan ban zana ki ba, Martha za ta kawo mini hotonki wata rana, in ƙirƙira miki ido kamar baƙuwa. Saboda haka na kife yadin a bayan ƙofa. Ina roƙonki da girman Allah ki zauna a gida.

Ƙanenki cikin damuwa,
Gideon

*

Zonkwa
14 ga Yuni

Auta,

Martha ta cika surutu. Ka ɗauko yadinka, na riga na guge atamfa.

Ba sai ka tambayi kowa abin da ke ba ni dariya ba, kai ne. Idan za ka zana ni, sai ka fara daga ido, tun yana motsi.

Bakin mutanen Narayi kuwa, kai za ka zauna da shi. Ka gafarce ni. Sai Asabar.

Saratu