Waƙar da na yi a kan Baba ta riga shi isowa gida

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗan Matamaye ne, shekarata ashirin da bakwai, ɗinki nake yi a bakin kasuwa amma waƙa ce a raina. A bakin Innata na fara jin waƙa, in tana dakan gero takan yi ta rera abin da ke cin ta, ni ina gefe ina haddacewa ba ta sani ba. Sauran kuma a kaset na koya, Babanmu in ya dawo cin rani daga Najeriya yakan zo da na masu kukuma da na masu gitar, in yi ta juya su har zaren ya tsinke. Ina aji biyar a lakwal, wato firamare, ya tafi bai dawo ba. Damina ta faɗi, mazan unguwa duk suka dawo, mu kuwa ni da Inna da ƙannena mata biyu muka yi shuka muka yi noma. Shekara goma sha huɗu ba aike ba waya, sai dai wai an gan shi a Ikko.

Bara na fara zuwa Damagaram wajen wani mai sitidiyo, muka haɗa albam ɗina na farko, waƙa takwas. Wadda aka fi so ita ce ta Baba. Ban faɗi sunansa ba, amma baitin dakan Inna ne amshinta, kuma na ce wanda ya bar mu ko ya dawo ni ba ni da uba. Wallahi lokacin har zuciyata nake nufi. Mai sitidiyo ya saki guntunta don talla, ta bazu, masu kabu-kabu da masu shayi kowa na da ita a wayar salula, kuma duk gari an san da wa nake.

Sati uku da suka wuce sai ga Baba an sauke shi a tasha, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, magana da ƙyar. Inna ta share masa ɗaki, ita ke ba shi koko a baki. Ta kira ni ta ce in cire waƙar daga albam ɗin, wai ita aka yi wa laifi kuma ta yafe. Na ce ni ma ai an yi mini, muka yi ta sa-in-sa har ta yi kuka, abin da ban taɓa sa ta ba. Mai sitidiyo kuma ya ce in na cire ta in nemi wani, an riga an kama wurin ƙaddamarwa ran Asabar, kuma don ita mutane za su zo.

Shekaranjiya da la'asar na fito da Baba ƙofar gida ya sha iska, sai wani mai kabu-kabu ya tsaya kusa, waƙar na tashi a wayarsa. Na miƙe zan hana shi, Baba ya riƙe mini riga da hannun da ke aiki. Ya saurara har ta ƙare, sannan ya ce, "Muryarka ce?" Na ce e. Ya ce, "Ba ka yi ƙarya ba. Ka kai ni wurin taron." Tun daga nan ba ya cin abinci sai an matsa masa.

Ban sani ba ko albarka ya sa mini, ko hukunta kansa yake son yi a gaban jama'a. In na rera yana zaune, ina tsoron ciwon ya tashi, ga Inna ta rantse ƙafarta ba za ta taka wurin ba. In na fasa, wahalar shekara guda ta tashi a banza, kuma waƙar na nan cikin wayoyin mutane, ba ni da ikon goge ta. Abin da ya fi damuna, ni kaina ban san ko na yafe masa ba.

In rera ko in cire? In kai shi ko in bar shi gida? Wanda ya taɓa tsayawa tsakanin uwa da uba haka, don girman Allah ya ce mini wani abu.