Shafukan da Baban Yara Ya Bari a Buɗe

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, hankalina a tashe yake. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na rubuto. An ce gobara ta tashi a jirgin ruwan da Baban yara yake aiki, kuma ofishinsu ba abin da suke ce mini sai in yi haƙuri. Ka san ta imel kawai yake samunmu, ta akwatin saƙonnin da ya bari a buɗe a tsohuwar kwamfutar nan ta kan teburin ɗinki. Ban san kalmar sirrin ba. Na gwada a wayata, aka ce an tura lamba zuwa layinsa, layin da ke aljihunsa a tsakiyar teku.

To, sai yanzu kwamfutar ta ga damar yi mini tsiya. Burauzar da ake buɗe shafukan intanet da ita ta sabunta kanta ba da izinin kowa ba, tun daga nan in na taɓa imel sai allon ya yi fari fat, fankar cikin kwamfutar ta kama gurnani, linzaminta ya ƙame. Na kira mai gyara, ya ce sabuwar burauza ta fi ƙarfin wannan tsohuwa, sai dai ya goge komai ya sa mata mai sauƙi. Na tambaye shi ko akwatin zai tsaya a buɗe, ya ce a'a. Wallahi ban san lokacin da na fizge linzamin daga hannunsa ba. Bawan Allah ya tafi yana kallona kamar mai taɓin hankali.

Ina jin tsoro, Yaya. Wataƙila saƙonsa yana ciki. Wataƙila kuma na wani ne yana mini ta'aziyya. Ka faɗa mini abin yi.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka da kyau, na ga takardarka, Allah ya bar zumunci.

Ka tambaya ko shafuka nawa ne a buɗe a saman burauzar. Ban ƙirga ba, sun matse har sunayensu ba sa karantuwa. Tun ranar da Baban yara ya tafi ban rufe ko ɗaya ba. Kada ka yi mini faɗa, na san ka. Gani nake hannunsa ne ya buɗe su, ni wace ce da zan rufe?

Na bi maganarka. Na ɗora kwamfutar kan littattafai don ta sha iska, na goge ƙurar bakin fankar da burushin keken ɗinki, na fara rufe su ɗaya bayan ɗaya, ina kaffa-kaffa kada in haɗa da na imel. Akwai na sakamakon ƙwallo, akwai na takalmin makarantar babbar 'yarmu, akwai wanda yake neman maganin ciwon bayan nan nawa da nake zaton bai ma damu da shi ba. A kan wannan na daɗe ina kuka kafin in danna.

Da ya rage saura na imel, fankar ta lafa, shafin ya fara fitowa daga sama a hankali. Na durƙusa a ƙasa ina leƙe.

Shi ne, Yaya. Yana asibiti a wani gari na bakin teku, hannunsa na dama ya ƙone, da hagu ya rubuto. Saƙonni ne a jere, na ƙarshen cewa yake: “Shirun nan ya fi ƙunar ciwo. Kuna lafiya kuwa?”

Na so in ba shi labarin komai, sai na ji fankar ta fara tashi, kowane harafi sai na jira kafin ya fito. Na rubuta “muna nan”, na aika, na ga ya tafi, sannan allon ya sake yin fari.

Ka zo da mai gyaran da ka yarda da shi, amma ka gaya masa tun a hanya, ba a goge komai.

A gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta