Tauraron da Ya Hana Ni Zuwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ɗinkin ya warke? Ki gaishe min da Umma. Ni lafiya lau, ina cin abinci, kada ta damu.

Kin tuna uzurin da na kawo lokacin da aka yi wa Baba aiki? Na ce auna nisan tauraro sai an ɗauki hotonsa sau biyu, wata shida tsakani, a ga yadda ya gusa, kuma ranar hoto na biyu ba ta ɗaguwa. Kika yi sati uku a bencin asibiti ke kaɗai, ko tsaki ba ki yi min ba.

Jiya malamata ta jera hotunan a tebur. Ashe a na biyun wani tauraro daban na ɗauka, ɗan ja mai kama da na farkon. Ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi.

Allah Ya saka miki da alheri. Na ji Baba yana gaya wa masu dubiya babban aiki ne ya riƙe ni. Don Allah ki ƙyale shi, har in samu bakin gaya masa da kaina.

Ƙaninki.