Kibod Ɗin Wasa a Ɗakin Koyon Buga Rubutu

Zuwa ga Hajiya, Shugabar Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban makarantarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Hajiya tana cikin ƙoshin lafiya, da ita da iyali. Ya ɗawainiya da mu? Allah ya saka da alheri.

Sunana Rumasa'u, ina aji biyu na babbar sakandare, gidanmu yana Kambarawa. Ranar da Hajiya ta kawo wa ɗakin kwamfutarmu kyautar sababbin kibod, ina layin gaba. Da Hajiya ta tambaya ko akwai mai magana, kunya ta hana ni tashi. Daga baya na kai takarda ofis, har yau shiru. Shi ya sa na roƙi yayata ta sa wannan a zauren hirar tsofaffin ɗalibai na waya, don lokaci ya kusa ƙure mini.

Na farko, yadda aka koya mana. Malama Binta takan sa mu jera yatsunmu a layin tsakiya su kwanta a kan madannai, mu ja gefen hijabi mu rufe hannuwanmu, ido yana kan allo. Tsofaffin kibod ɗinmu sun yi jawur da tsufa, amma suna da tauri, kuma yatsa yana jin ɗan tudu kafin harafi ya fita. A kansu hannuna ya saba.

Na biyu, abin da aka sayo. Suna da kyau, fitilunsu suna ta sauya launi, kuma na san ba a same su da araha ba. Da na nuna wa Yaya Sadiƙ hotonsu, murna ya yi, don shi mai son wasan kwamfuta ne. Ya ce irin waɗannan kowane madanni da ɗan injinsa, kuma idan aka ciro hular madannin aka ga ja a ƙasa, to na wasa ne, taɓawa kaɗan yake so. Mai launin ruwan ƙasa shi ne mai ɗan tudun nan. Na je na duba namu, ja ne. Ba su ma da rukunin lambobi na gefen dama, wanda muke shigar da lissafi da shi. Hajiya, an tambayi mai shago, an tambayi samari masu wasa, amma ba a tambayi ko ɗaya daga cikinmu ba. Malama Binta kuwa tana hutun haihuwa.

Na uku, abin da ya same ni. Larabar da ta wuce aka gwada mu don zaɓar wadda za ta wakilci makaranta a gasar buga rubutu, inda ta farko za ta samu kwamfutar tafi-da-gidanka. A gidanmu babu kwamfuta. Na kwantar da yatsuna kamar kullum, kafin in fara sai ga haruffa suna zubowa da kansu. Na goge, suka dawo. Fitila tana walƙiya ta cikin hijabina. Malamin da ya riƙe mu a madadin Malama Binta ya ɗaga takardata a gaban aji, ya ce ga wadda ake ta kurantawa. Aka yi dariya, aka soke sunana. Da ƙyar Babana ya samu alƙawarin za a sake gwada ni ranar Litinin.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, na ji an tara tsofaffin kibod ɗin a sito, kuma 'yan gwangwan za su zo su kwashe su ranar Alhamis, kafin Litinin ɗin. Idan suka tafi, gwajin Litinin zai zama irin na Laraba.

Saboda haka ina roƙon Hajiya, don Allah:

A dakatar da kwashe tsofaffin, a bar mini ko guda ɗaya in yi gwajin da shi.

Idan za a ƙaro wasu, a nemi masu ɗan tauri da rukunin lambobi, a kawo guda mu taɓa da hannunmu kafin a biya.

Ban raina kyautar Hajiya ba, kuma ba na neman a ba ni gurbin da ban cancanta ba. Wannan wasiƙa na buga ta a wani shagon buga takardu a Ƙofar Durbi, a kan tsohon kibod, hannuwana a rufe, mai shagon yana kallo. Hajiya ta duba ta da kyau. Idan ta ga rubutun wadda ba ta iya ba ne, a bar sunana a soke, ba zan sake cewa komai ba.

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da ɗaukaka, ya albarkaci zuriyarta, ya sa wannan saƙo ya isa gare ta kafin Alhamis.

Wassalam,
'Yarki,
Rumasa'u