Motar da Ta Kore Mini Jama'a

Labaran Maliki,
Jami'in Lafiya na Karkara,
Gidauniyar Inuwar Ɗorawa,
Reshen Birnin Gwari.
Litinin, 18 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Gidauniyar Inuwar Ɗorawa,
Babban Ofishi, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Game da: Kayan shiga daji na kamfani da aka zaɓa wa motar reshenmu, da roƙon izinin sauya su

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi, wanda shi ne na uku a kan magana ɗaya. Takarduna na 2 ga Yuni da na 14 ga Yuli, duka zuwa ga Jami'in Sufuri, ban sami amsarsu a rubuce ba.

1. A taron 11 ga Fabrairu an ajiye mana zaɓi biyu game da jif ɗin da za a saya. Na farko, a ɗauko ta da kayan daji na kamfani: ƙarfen kariya a gaba, fitilu huɗu a kan rufi, bututun shan iska a gefe, manyan tayoyi masu haƙora, da fenti ruwan ƙasa. Na biyu, a ɗauko ta fara, yadda take, a saya mata tayoyin laka a kasuwa. Ni kaɗai na zaɓi na biyu. Na ce a dajinmu ana kallon mota kafin a kalli mai ita. A rahoton taron an rubuta cewa na "nuna damuwa a kan launi".

2. Adalci ne in faɗi cewa motar ba ta da aibi a aikinta. Tun da aka kawo ta ranar 5 ga Mayu ba ta taɓa kafewa ba, ko a rafin da ke hana manyan motoci wucewa da damina. Ta kai ni ko'ina. Abin da ba ta yi ba shi ne kai ni wurin mutane.

3. Ranar Alhamis, 8 ga Mayu, na shiga wani ƙauye a gefen Tabanni inda nake zuwa awon ciki da rigakafi shekara shida a kan babur. Ƙarfe goma na safe ne. Na tarar da tukunya a kan wuta, dawa a turmi, taɓarya a ƙasa, babu kowa sai kaji. Na shimfiɗa tabarma a gindin kukar da muka saba, na buɗe akwatin allurai, na zauna awa uku. Daga baya wata tsohuwa, Iya Saude, wadda ciwon gwiwa ya hana ta gudu, ta leƙo. Ta ce tun daga nesa suka ji gurnanin tayoyin a kan tsakuwa, kuma su a saninsu mota mai irin wannan murya ba magani take kawowa ba. Ta ƙara da cewa da ta san ni ne da ba ta bari miyarta ta ƙone ba.

4. Mai Girma Darakta ya san halin da wannan yanki ya shiga a shekarun baya. Mutanenmu sun koyi karanta sawun taya kamar yadda makiyayi ke karanta sawun shanu. Zanen tayoyin nan ya yi kama da na motocin sintirin jami'an tsaro, kuma sawun yana kwana uku a laka bayan na wuce. Duk wanda ya bi hanyar sai ya tambayi wa aka zo nema, kuma wa ya kira su. Saboda haka masu unguwa biyu da arɗo ɗaya suka aiko mini, cikin ladabi, cewa in daina tsayawa a ƙofar gidajensu. A Afrilu, a kan babur, na auna mata arba'in da ɗaya a zagaye guda. A Yuli na auna uku.

5. Direbanmu, Malam Bappa, ya ajiye aiki ranar 20 ga Yuni, domin an fara ce wa danginsa na ruga ɗansu ya zama mai kai rahoto. Ungozomarmu, Malama Huraira, ta ce za ta bi ni da ƙafa ko'ina, amma ba za ta hau abin da zai sa a daina yi mata sallama a gidan suna ba. Yanzu ni nake tuƙi, ni nake awo, ni nake rubutu. A hanyar Kutemeshi da nake ɗaukar mutum biyu a bayan babur, yau ina wucewa da kujeru huɗu babu kowa, kuma mai tafiya a ƙasa ya gwammace ya ratse cikin gona da ya ɗaga mini hannu.

6. Da na kira Jami'in Sufuri ranar 29 ga Yuli, ya shaida mini cewa kwance ko da noti ɗaya zai soke garantin kamfani, kuma da wannan siffar aka nuna motar ga masu ba da tallafi. Ya ce jama'a za su saba. Wata uku da rabi ke nan da zuwan motar, ba su saba ba.

7. Abin da ya sa na tsallake shi na rubuto maka kai tsaye shi ne Bushira, matar wani manomi a ƙauyen da na ambata. Cikinta wata takwas, tana da hawan jini, ƙafafunta sun kumbura. Ina ajiye motar a nisan kilomita biyu in taka in duba ta. Haihuwarta tana buƙatar asibiti. Mijinta ya faɗa mini, kansa a sunkuye, cewa idan wannan mota ta tsaya a ƙofarsa ba zai iya ci gaba da zama a garin ba. Babur ba zai ɗauki mai naƙuda a lakar Satumba ba, kuma babu wata mota da ke shiga wurin da damina sai wannan.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Darakta ya ba da izini a rubuce, kafin ƙarshen wannan wata, a cire ƙarfen gaba da fitilun rufi, a mayar da fentin fari da alamar lafiya a jiki, a kuma sa tayoyin laka irin waɗanda motocin ɗaukar hatsi ke sawa, waɗanda kowa ya san sawunsu. Na yi magana da bakanike da mai faci a cikin gari, sun ce aikin kwana huɗu ne. Idan garantin ya lalace, na yarda a rubuta cewa da shawarata aka yi.

Bisa lissafin awo, Bushira za ta haihu tsakanin 10 da 20 ga Satumba. Sifanar kwance noti tana cikin motar, kuma na san notin da za a fara kwancewa. Sa hannunka kawai nake jira.

Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Mai biyayya gare ka,

Labaran Maliki
Jami'in Lafiya na Karkara, Reshen Birnin Gwari